Gasar da ke ba birane dala miliyan 1: ƙaramar hukumarmu za ta iya shiga, kuma tana gyara gari kuwa?

Tambaya: Wani ɗan'uwa da ke aiki a sashen tsare-tsare na wata ƙaramar hukuma ya rubuto cewa ya ji labarin wata gasa da wani attajirin Amurka ke shiryawa, inda ake ba birni dala miliyan 1 idan ya kawo sabuwar dabarar inganta aikin ruwa, shara, sufuri da makamantansu. Yana so ya san ko gaskiya ne, yadda ake shiga, da kuma ko irin wannan kuɗi yana gyara gari da gaske.

Amsa: Malam, gaskiya ne. Sunan gasar Mayors Challenge, kuma gidauniyar Bloomberg Philanthropies ce ke shirya ta. Mai gidauniyar, Michael Bloomberg, shi ne magajin garin New York daga 2002 zuwa ƙarshen 2013, don haka ya san ciwon mai riƙe da birni daga ciki. An fara gasar a Amurka, aka bayyana waɗanda suka ci a 2013: birane 305 suka nema, Providence ta ɗauki babbar kyauta ta dala miliyan 5, wasu birane huɗu suka samu miliyan ɗai-ɗai. A 2014 aka kai ta Turai, Barcelona ta zo ta ɗaya. A 2016 aka yi ta a Latin Amurka, São Paulo ta Brazil ta zo ta ɗaya. Ta koma Amurka a 2018. Sai a 2021 aka buɗe ta ga duniya baki ɗaya, birane 631 daga ƙasashe 99 suka nema, aka tace 50, sannan a Janairun 2022 aka bayyana 15 da kowanne ya samu dala miliyan 1 da taimakon ƙwararru na shekara uku. Uku daga cikinsu na Afirka ne: Freetown ta Saliyo, Kigali ta Ruwanda, da Kumasi ta Ghana. An sake buɗe wani zagaye na duniya na 2025, wanda ya mai da hankali kan ainihin ayyukan da birni ke yi wa jama'a kullum, kuma birane 50 da suka tsallake matakin farko an ba kowanne dala 50,000 ya gwada dabararsa kafin a yanke hukunci.

Hukumar birni ce ke nema, da sa hannun shugabanta. Mutum ɗaya ko ƙungiya ba sa nema da kansu, kodayake za su iya zama abokan aikin hukumar. A nan ta bambanta da shirin gidauniyar Tony Elumelu da matasanmu suka fi sani, wanda ke ba ɗan kasuwa dala 5,000 ya fara sana'arsa. A zagayen duniya, sharaɗin shi ne birni ya kai mutum 100,000. Ba a biyan ko kwabo wajen nema, saboda haka duk wanda ya zo muku da cewa shi wakili ne, a ba shi kuɗin fom ko na shigar da suna, ku sallame shi. Alƙalan gasar suna duba abu huɗu: ko dabarar sabuwa ce, ko za ta taɓa rayuwar mutane sosai, ko birnin zai iya aiwatar da ita, da ko wani birni zai iya kwaikwayonta.

Yanzu ga ɓangaren tambayarka da ya fi nauyi. Dala miliyan 1 ta haura naira biliyan 1 a canjin yanzu, kuma a kunnen ma'aikacin ƙaramar hukuma kuɗi ne masu yawa. A ma'aunin birni kuwa ba su kai su gina gadar sama guda ba, balle matatar ruwa. Masu gasar sun san haka. Abin da suke saya da kuɗin shi ne damar gwaji: hukuma ta jarraba wani abin da ba za ta iya jarrabawa da kuɗin jama'a ba, don in ya rushe majalisa da 'yan jarida za su taso ta a gaba. Kuɗin gwaji kuwa ƙarewa suke yi. Duk darajar gasar tana rataye ne a kan abin da ke faruwa ranar da suka ƙare, wato wa zai ci gaba da biyan ma'aikata, da kuma ko aikin ya shiga kasafin kuɗi da dokar gari. Da wannan ma'auni nake duba kowane birni da ya ci.

Ɗauki Guadalajara ta Meziko, wadda ta samu kyauta a 2016. Matsalarta irin wadda duk mai neman izinin gini ya sani ce. Dokar abin da aka yarda a gina a kowace unguwa tana cikin fayil a ofis, jami'i ne kaɗai ya san ta, mai fili kuwa sai ya yi ta zarya har ya gane cewa sai ya miƙa wani abu takarda za ta motsa. Suka ɗora taswirar birnin a intanet a wani dandali mai suna Visor Urbano. Ka danna filinka, ka ga abin da doka ta halatta a kansa, hawa nawa, shago ko gidan zama, ka ga kuɗin da za ka biya, ka nemi izinin daga nan. Maƙwabcinka ma yana iya ganin izinin da aka ba ka. Wannan aiki ya rayu saboda ya zama hanyar da ofis ke aiki kullum, kuma yana shigo wa hukuma da kuɗin shiga, don haka babu sabon magajin garin da zai so ya kashe shi. Daga baya ƙananan hukumomi da dama a jihar Jalisco, inda Guadalajara take, da wajenta suka ɗauke shi.

Bogotá ta Kolombiya ta bi wata hanyar. A zamanin magajiyar gari Claudia López aka kafa cibiyoyi a unguwanni domin matan da rayuwarsu ta ƙare a hidimar gida, masu rainon yara da jinyar tsofaffi da naƙasassu ba albashi. Mace ta zo da yaronta ko tsohuwar da take jinya, a karɓe su a kula da su, ita kuma ta shiga aji ta ƙarasa karatun sakandare, ko ta ga likita, ko a wanke mata kaya a injin wanki ta samu ta huta. An fara a 2020, gasar ta ƙara masa ƙarfi a 2022, majalisar birnin ta mayar da tsarin doka, kuma ya ci gaba bayan López ta sauka a ƙarshen 2023.

Na Freetown ne ya fi burge ni, don yanayinsu ya fi kusa da namu. A watan Agustan 2017 tsauni ya zaftare a gefen birnin bayan ruwan sama mai ƙarfi, mutum sama da 1,000 suka rasu, kuma sare itatuwan kan tsaunuka na cikin abin da ya jawo hakan. Magajiyar gari Yvonne Aki-Sawyerr ta ƙaddamar da shirin dasa itatuwa miliyan 1 a 2020. Mu a nan mun san bikin dashen itatuwa: manya su zo, a dasa, a ɗauki hoto, bayan wata uku awaki sun cinye, sauran rani ya ƙone. Freetown ta juya lissafin. Mutanen unguwa ake ɗauka aiki, kowane dashe a ɗauke shi hoto da waya, manhaja ta rubuta daidai inda yake. Mai kula da shi zai riƙa komawa yana ba shi ruwa, yana sake ɗaukar hoto, ana tura masa kuɗinsa ta waya bisa shaidar cewa itacen yana raye. Wato rayuwar itace ake biya. Abin da suka kai wa gasar shi ne yadda za a sayar wa kamfanoni da masu hali alhakin waɗannan itatuwa, domin kuɗin kula da su ya riƙa shigowa bayan tallafi ya ƙare. Ko wannan kasuwa za ta ɗauki nauyin aikin gaba ɗaya, lokaci ne zai nuna, amma sun yi tunanin ranar ƙarewar kuɗi tun kafin su karɓa.

Ka lura da wani abu: Freetown da Bogotá duk sun fara aikin kafin su ci gasar. Haka Istanbul, wadda a lokacin korona a 2020 ta buɗe shafin da hukuma ke tantance gidajen da suka kasa biyan kuɗin ruwa ko na gas, mai hali ya shiga ya biya wa wani, mai bayarwa bai san mai karɓa ba, mai karɓa bai san mai bayarwa ba. Sadakar ɓoye ce da al'adarsu ta riga ta sani, hukuma ta shimfiɗa mata hanya kawai. Kumasi kuwa ta haɗa matsala biyu da duk wanda ya zauna a Zango ko wata tsohuwar unguwar birnin ya sani: gidajen haya masu ɗakuna da yawa ba ban-ɗaki, mutane na bin layin gidan wanka na kuɗi tun asuba, ga kuma matasa zaune ba aiki. Dabararsu ita ce a koya wa matasan haɗa ban-ɗaki a cikin gidaje. Rourkela ta Indiya ta nemi kafa ɗakunan sanyi masu aiki da hasken rana a kasuwanni, mata su riƙa gudanar da su, don kayan gwari su daina ruɓewa a hannun ƙananan 'yan kasuwa. Wanda ya taɓa ganin yadda ake zubar da tumatir a kasuwannin Kano lokacin kakarsa ba ya buƙatar a yi masa bayanin amfanin wannan.

Akwai kuma waɗanda suka ci kyautar amma aikin bai je ko'ina ba, kuma ya kamata ka san su kamar yadda ka san na farko. Houston ta samu dala miliyan 1 a 2013 da dabarar cewa mutane su zuba duk shararsu a mazubi ɗaya, wata masana'anta ta zamani ta rarrabe ta daga baya. A takarda abin ya yi kyau ƙwarai. Amma masana'antar na buƙatar jarin da ya ninka kyautar sau da yawa, masu fafutukar kare muhalli suka yi ta suka, sannan aka yi zaɓe, sabon magajin gari ya hau a 2016 ya ajiye shirin. Georgetown ta jihar Texas ta ci a 2018 da shirin hayar rufin gidaje don kafa faifan sola, amma a 2019 majalisar garin ta mayar da kuɗin, lokacin da jama'a ke kuka da tsadar wutar lantarki. Su kansu masu bayarwa suna sauya ra'ayi. Gidauniyar Rockefeller ta kafa shirin birane 100 masu jure bala'i a 2013, Legas da Accra na ciki, ta riƙa biyan albashin babban jami'i a kowane birni, sannan ta rufe shirin a 2019.

Ina da ƙorafi a kan tsarin gasa shi kansa, kuma ba zan ɓoye maka ba. A 2021 birane 616 sun ɓata makonni suna rubutu ba su samu miliyan ɗin ba. Masu shiryawa suna cewa zaman tunanin kansa riba ne, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki, sai dai birnin da ke da jami'ai masu iya tsara takarda da alƙaluma a hannu shi ke da rinjaye, alhali wanda ya fi buƙata sau da yawa shi ne wanda ba shi da ko ɗaya. Na biyu, gasa tana son sabon abu, gari kuwa yawanci tsohon abu ne ke kashe shi: famfon da ya lalace ba a gyara ba, kwatar da ba a yashe ba, motar shara da ke kwance saboda taya. Babu mai ba ka kyauta don ka yashe kwata a kan lokaci, amma shi ne ke hana ambaliya shiga ɗakin talaka. Na uku, attajiri ba zaɓaɓɓe ba ne. Lokacin da Bloomberg ya nemi takarar shugaban Amurka a 2020, jaridun ƙasar sun yi ta nuna cewa da yawa daga magadan garin da suka mara masa baya biranensu sun amfana da gidauniyarsa. Wannan bai sa aikin Freetown ya zama banza ba, amma dalili ne da zai sa hukuma ta kai matsalar da jama'arta suka zaɓa, kada ta ƙirƙiro wadda take zaton za ta faranta wa alƙalai.

Sai batun ko ku za ku iya shiga. A yawan jama'a, mafi yawan ƙananan hukumomin cikin birane a Arewa sun wuce 100,000 nesa ba kusa ba. Ba a nan gizo ke saƙar ba. An tsara gasar ne da tunanin birni mai shugaba ɗaya da ke riƙe da ruwa, shara, tituna da kasuwanni, mu kuwa a Najeriya ba haka tsarinmu yake ba. Birnin Kano a rabe yake tsakanin ƙananan hukumomi takwas: Birni da Kewaye, Fagge, Dala, Gwale, Tarauni, Nassarawa, Ungogo da Kumbotso. Kwashe shara yana hannun REMASAB, hukumar jiha ce. Ruwan famfo na hukumar ruwa ta jiha ne, izinin gini ma na jiha ne. Ciyaman da ya rubuta cewa zai gyara rabon ruwa ya yi alkawarin abin da ba a hannunsa yake ba, kuma alƙalai za su gano hakan a tambayar farko. Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024, wanda ya ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, zai taimaka idan ya tabbata a aikace, don mai bayar da tallafi yana so ya ga asusun da hukumar ke da iko da shi. A Nijar, Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa suna da tsarin birni mai shugaba ɗaya, wanda ya fi dacewa da gasar, sai dai tun Afrilun 2024 an rusa zaɓaɓɓun majalisu an naɗa kantomomi. Saboda haka abu na farko shi ne ku karanta sharuɗɗan zagayen da aka buɗe a shafin gidauniyar, ku tabbatar irin hukumarku ta cancanta, kafin kowa ya ɗauki biro.

Idan ta cancanta, ku zaɓi abin da tsarin mulki da al'ada suka bar muku: kasuwanni, tashoshin mota, mahauta, ban-ɗakunan jama'a, asibitocin sha-ka-tafi, rajistar haihuwa, ƙananan magudanan ruwa na cikin unguwa. In kuma dole sai aikin ya taɓa hukumar jiha, ku samo yarjejeniya a rubuce tun farko.

Na taɓa zama da ma'aikatan wata ƙaramar hukuma suna tsara takardar neman tallafi a kan shara. Abin da suka rubuta shi ne a sayo motoci, a kuma ƙirƙiro manhajar da mutum zai kira mota da ita. Na tambaye su wa ke kwashe sharar lungunan yanzu, tunda mota ba ta shiga. Suka ce yara ne masu baro, ana ba su ɗan abin da ya samu a kowane gida. Ina suke kai ta? Sai ɗakin ya yi tsit, can wani dattijo a sashen lafiya ya ce cikin kwata suke juyewa da daddare, saboda jujin da aka ware ya yi musu nisa, kuma in sun je ma akwai masu karɓar kuɗi a bakinsa. Ashe aikin kwashe shara yana tafiya, jama'a ma suna biya, wurin zubarwa ne babu. Dabarar da ta fito daga wannan zama ita ce a kafa ƙananan wuraren tara shara kusa da lungu, a yi wa masu baro rajista, a riƙa biyansu a kan kowane baro da suka kawo wurin, masu sayen roba da ƙarfe su zauna a nan su tsince nasu. Ba ta da ƙyalli kamar manhaja, amma ana iya gwada ta a mazaɓa ɗaya cikin wata biyu, a ƙirga baro nawa suka iso, a duba kwatar kafin da bayan. Irin wannan ne masu tantancewa ke nema idan suka ce a gwada da jama'a: su ga ka fita ka tambayi mai baro da matar gida da mai unguwa, ka gano inda zatonka ya kuskure, ka gyara.

Takardarku ta faɗi matsalar da adadi, ko da ku ne kuka ƙirga da hannu. Gida nawa, sau nawa a mako, naira nawa mutum ke kashewa. Kada ku ari alƙaluman da ba ku san tushensu ba, don tambaya ɗaya za ta tona. Ta faɗi sunan ofishin da zai riƙe aikin, kuma ya kasance ma'aikatan dindindin ne a ciki, waɗanda za su rage bayan ciyaman ya tafi, domin wa'adin shugabannin ƙananan hukumomi a jihohi da dama bai wuce shekarun da tallafin zai ɗauka ba. Sannan ta nuna layin kasafin kuɗi ko kuɗin shigar da zai ɗauki aikin a shekara ta huɗu. Idan kun kasa amsa wannan a tsakaninku, ku rage girman dabarar har ta kai inda za ku iya.

Wani abin da mutane ke mantawa shi ne ba sai ka ci gasa za ka amfana da ita ba. An gina ta ne don a kwaikwaya, kuma bayanan ayyukan da suka ci a buɗe suke. Shirin Providence na ƙarfafa iyaye su riƙa yawan hira da jariransu an kai shi wasu biranen Amurka biyar a 2019, cikinsu har da Detroit da Birmingham. Dabarar Stockholm ta mayar da rassan itace da sharar lambu gawayin da ke gyara ƙasar shuka ta isa wasu biranen Turai da Amurka. Tsarin Freetown na biyan mai kula da itace bisa hoton da ke nuna yana raye ba ya buƙatar izinin kowa, kuma jihohin da hamada ke ci, irin su Yobe, Jigawa, Katsina da Sakkwato, suna kashe kuɗi a kan dashe kowace damina. Sauya yadda ake biya kawai ake buƙata, daga ranar dasawa zuwa watannin rani da ke biye.

Ina kuma ganin masu hannu da shuni na gida za su iya ɗaukar wannan salo a ƙaramin mataki, kuma zai fi dacewa da mu fiye da jiran gasar duniya da ke zuwa bayan shekaru. Attajiranmu suna gina masallatai da asibitoci, suna raba abinci da azumi, Allah ya saka musu. Da ɗayansu zai ware wani kaso ya ce ƙananan hukumomin jiharsa ko ƙungiyoyin unguwa su kawo dabarar gyara rijiyoyin burtsatse da suka mutu, a ba goma kuɗin gwaji kaɗan, a ba ukun da suka nuna sakamako kuɗin faɗaɗawa, a biya kashi-kashi bisa yawan famfunan da ke ba da ruwa bayan shekara, da an ga dabarun da ke kwance a kan teburin ma'aikata irinka. Sharaɗin shi ne alƙalan su kasance mutanen da ba su da ɗan takara, a kuma karɓi takarda da Hausa, don mai gyaran famfo da ya fi kowa sanin dalilin mutuwarsa ya samu bakin magana.

Kai kuma, Malam, kafin a buɗe zagaye na gaba, ka zaɓi mazaɓa ɗaya da matsala ɗaya, ka nemi amincewar ciyaman da kansila da mai unguwa, ka fara rubuta adadi a littafi daga wannan watan. Ko gasar Bloomberg ce ta zo, ko wani shirin Bankin Duniya, ko kwamitin kasafin kuɗi na jiha, wannan littafin za su fara tambaya.